Daga Barbara Zuwa Girma: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Dabbobi Ke Hayayyafa

Mai kiwo, ko da akuya biyu gare shi a bayan ɗaki, yakan san ranar da aka yi barbara, yakan kuma ga ranar haihuwa. Abin da ke tsakanin ranakun nan biyu shi ne ba ya gani, alhali a nan ake yanke mafi yawan abin da ɗan zai zama. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda makiyaya da masu kiwon kaji da kifi da ɗalibai ke yawan yi ne.

Me ke faruwa a jikin dabba bayan an yi barbara?

Bijimi idan ya hau saniya sau ɗaya, ƙwayoyin maniyyin da yake zubarwa biliyoyi ne, kowace da ɗan kai da jela, ido ba ya ganinsu. Ita kuwa saniya ƙwai ɗaya tal takan saki, wanda bai kai ɗigon bakin alƙalami ba. Ƙwayoyin sukan ratsa mahaifa su hau wani siririn bututu da ya haɗa ta da ma'ajiyar ƙwai, a can ake gamuwa. Mafi yawansu a hanya suke mutuwa. Da zarar guda ta huda ƙwan ta shiga, sai fatarsa ta sauya nan take, ta hana sauran shiga.

Daga nan ƙwaya ɗayan nan take rabuwa biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, tana yi tana gangarowa mahaifa. A wajen kwana na 7 ta zama ɗan ƙulli mai ruwa a ciki. Wajen kwana na 16 ɗan tayin kan aika wa jikin uwar wani sinadari, alamar yana nan. Idan saƙon bai isa ba, jikinta ya ɗauka babu ciki, ta koma neman namiji. Sannan ƙwayoyin su jeru zuwa shimfiɗa uku: ta waje ta ba da fata da ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ji, ta tsakiya ta ba da nama da ƙashi da jini da zuciya, ta ciki ta ba da hanji da hanta da huhu. Cikin mako na huɗu zuciya ta fara bugawa, mai saniya ma bai tabbatar ta ɗauka ba tukuna.

Ɗan Adam ya daɗe yana kiwo kafin ya ga waɗannan abubuwa. Sai a 1677 Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya bayyana ƙwayoyin maniyyi da ya gani a madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa. Ƙwan dabba mai shayarwa kuwa sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya gano shi a jikin karya.

Me ya sa alfadari ba ya haihuwa?

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, su ke ɗauke da gado: launi, tsawo, ƙaho, yawan nono. Rabi daga uwa suke zuwa, rabi daga uba. Saniya na da 60, akuya 60, tunkiya 54, doki 64, jaki 62. Idan jaki ya hau goɗiya, ɗan zai karɓi 31 daga uba, 32 daga uwa, ya tashi da 63. Wannan bai hana shi ƙarfi da juriya ba. Matsalar sai ya zo yin nasa ƙwayoyin haihuwa, domin a lokacin dole zarurrukan su jeru biyu-biyu kafin a raba su, na doki da na jaki kuwa ba sa dacewa. Akan samu alfadara ta haihu, amma abu ne da ba safai ake gani ba.

Ta yaya zan gane dabbata tana neman namiji?

Saniya da akuya duk bayan kamar kwana 21 abin ke dawo musu, tunkiya kuwa bayan kwana 17. Saniya za ka ga ta kasa natsuwa, tana yawan kuka, ta rage cin abinci, wani farin ruwa mai yauƙi na fita daga gabanta, tana hawan 'yan'uwanta. Babbar alama ita ce ta tsaya cak idan aka hau ta. Akuya ta fi bayyana kanta: ihu ba ƙaƙƙautawa da kaɗa wutsiya, musamman idan ta jiyo warin bunsuru. Tunkiya ce mai ɓoyewa, sau da yawa sai rago ne ke tona ta.

Lokacin gajere ne. A saniya bai cika kai yini guda cur ba, a shanunmu masu tozo ma yakan fi haka gajarta, kuma da yawa cikin dare yake zuwa. Wanda ya kuskure shi sai ya jira mako uku.

Taguwa da zomanya da kyanwa nasu daban ne. Su barbarar ce da kanta ke sa jiki ya saki ƙwai.

Ɗan tayi ta ina yake ci, ta ina yake numfashi?

Ta mabiyiya da igiyar cibiya. Jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya. Kusantar juna suke yi ƙwarai, sai abinci da iska su tsallaka zuwa ga ɗan, ƙazantarsa kuma ta tsallako wa uwa ta fitar. Duk wanda ya taɓa duba mabiyiyar akuya ko ta saniya ya ga wasu jajayen dunƙule-dunƙule a warwatse a jikinta. Nan ne wuraren da take manne da mahaifa, kamar maɓallan riga da gidajensu, kuma ta nan kaɗai musayar ke gudana.

Abin da nake so kowane mai kiwo ya riƙe shi ne, mafi yawan nauyin ɗan tayi a ƙarshen ciki yake samuwa. A akuya da tunkiya, kusan kashi biyu bisa uku ko fiye a makonni shida na ƙarshe ne. Idan wannan lokaci ya faɗo a tsakiyar bazara, ciyawa ta ƙare, uwar na kalar kara da leda a bola, to ɗan zai fito ƙanƙani, hantsa ba nono, sai a ce ba a yi sa'a ba. Ɗan harawa da dusa da ƙowa a waɗannan makonni sun fi buhun magani bayan haihuwa.

Mabiyiya takan faɗo da kanta cikin awa 12 a saniya. Idan ta wuce haka a nemi malamin dabbobi. Kada a ja ta da ƙarfi, kada a ɗaura mata dutse. Idan kuma dabba ta yi ɓari, musamman a ƙarshen ciki, kada a taɓa ɗan ko mabiyiyar da hannu tsirara, a binne su da zurfi, domin cutar bakkale ta nan take yaɗuwa cikin garke, tana kuma kama mutum, har ta ɗanyen nono.

Wata nawa kowace dabba ke ɗauke da ciki?

Akuya da tunkiya wata biyar, kimanin kwana 150. Saniya wata tara da 'yan kwanaki. Goɗiya wata 11, jaka kusan shekara, taguwa wajen wata 13. Karya da kyanwa wata biyu da ɗan ɗori, zomanya wata ɗaya, ɓera mako uku. Giwa ce ta fi kowace dabbar tudu daɗewa, wata 22.

Girman jiki na da hannu a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Dubi yadda ɗan yake fitowa. Ɗan akuya bai cika awa ɗaya ba ya miƙe yana laluben nono, don ya gama yawancin ginuwarsa a ciki. Ɗan zomo kuwa tsirara yake zuwa, ido a rufe, sai a rami ya ƙarasa. Dabbar da kariyarta gudu ne, dole ɗanta ya fito da ƙafafun da za su ɗauke shi.

Gaskiya ne dakashi na sa wa jariri zawo?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan zato ya kashe 'yan maruƙa da 'yan awaki masu yawa. A saniya da akuya da tunkiya da goɗiya, sinadaran garkuwar jiki ba sa tsallaka mabiyiya. Ɗan yana fitowa duniya ba shi da makamin yaƙi da cuta ko kaɗan. Duk kariyar tana cikin nonon farkon nan mai kauri, mai ɗorawa-ɗorawa. Hanjin jaririn kuma a awannin farko ne kawai yake iya shigar da ita cikin jini. Bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Saboda haka a tabbata ya sha ya ƙoshi cikin awa shida na farko. Idan ya kasa kama nono, a tatsa a ba shi. Wanda ya tatse dakashi ya zubar, ya bar ɗan ga zawon da yake gudu.

Kazata tana ƙwai ba zakara a gidan. Zai ƙyanƙyashe?

A'a. Kaza ba ta buƙatar zakara kafin ta yi ƙwai, shi ya sa kajin gidan gona ke zuba shi kullum ba namiji a kusa. Amma ƙwan da zai zama tsako sai wanda maniyyi ya shiga tun yana gwaiduwa, kafin farin ruwa da ɓawo su lulluɓe shi. Ginin ƙwai ɗaya yana ɗaukar kamar awa 25, mafi yawansu wajen yin ɓawo. Kaza na iya adana maniyyi a jikinta har mako biyu ko fiye, don haka ko an yanka zakara yau, ƙwan kwanakin gaba na iya ƙyanƙyashewa.

Fasa ƙwai ka duba saman gwaiduwa da kyau, za ka ga wani ɗan farin tabo. Daga nan tsako yake farawa, gwaiduwar kuwa guzurinsa ce. Da kaza ta hau kwanci, zafin ya kai wajen digiri 37.5, aiki ya tashi. Kafin kwana uku zuciya na bugawa. A kwana na 7, idan ka shiga ɗaki mai duhu ka haska ƙwan da tocila, za ka ga jajayen jijiyoyi sun bazu, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya, wato ido. Numfashi ta dubban ƙananan ƙofofin ɓawo yake yi. Gab da fitowa sai ya janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, ya huda jakar iskar da ke ɓangaren ƙwai mai faɗi, ya shaƙi iskar farko, sannan ya soma ƙwanƙwasar ɓawo da wani ɗan tsini da ke kan bakinsa. Ranar 21 ya fito a jiƙe, a gajiye. Gwaiduwar nan da ya janye ita ke riƙe shi kwana biyu zuwa uku, abin da ya sa ake iya ɗauko 'yan tsaki daga Ibadan zuwa Kano su iso da rai.

Zabuwa kwana 26 zuwa 28 ne, talo-talo 28, agwagwarmu ta gida 35, jimina wajen 42, tattabara 17 zuwa 18. Da yake zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, kaza ake sa wa ƙwanta. Ɗan shila kuwa, saɓanin tsako, ba ya iya komai da kansa. Uwa da uba duka suna ɗura masa wani farin abu mai kauri da suke fitarwa daga maƙoƙonsu.

To me ke kawo baragurbi?

Ko dai maniyyi bai shiga ba tun farko, ko ɗan ya mutu a hanya. Ƙwan da ya haura mako guda a ajiye kafin kwanci ƙarfinsa na raguwa, zafin watan Maris da Afrilu kuma na iya tayar da ɗan tun a ƙwarya ya mutu. A injin ƙyanƙyasa, ɗaukewar wuta da rashin juya ƙwai da ƙarancin laima su ne manyan masu ɓarna. Ƙwan kaza ana daina juya shi a kwana na 18.

Kifi da kwaɗi fa, su ma barbara suke yi?

Yawancinsu a cikin ruwa ƙwai da maniyyi ke haɗuwa, a wajen jiki. Tarwaɗa kan jira damina, ruwa ya malala cikin ciyayi, mace ta watsa dubban ƙwai, namiji ya bi da maniyyi, su tafi abinsu. Kaɗan ne ke tsira, yawan shi ne dabarar. A kududdufin kiwo tarwaɗa ba ta cika saki da kanta ba, shi ya sa masu ƙyanƙyasa ke yi wa mace allura, bayan wasu awanni su matse ƙwan a roba, su yanka namiji su ciro maniyyinsa su gauraya. Cikin kwana ɗaya ko ɗaya da rabi ƙwan ya fashe. Karfasa kuwa uwa ce ta gaske: ƙwan take kwashewa a bakinta, ta haƙura da ci har su ƙyanƙyashe, bayan nan ma in sun ji tsoro bakin suke komawa.

Kwaɗo namiji yana ɗafe bayan mace tana zuba ƙwai yana bi. Abin da ke fitowa ba ya kama da iyayen: ɗan baƙin abu mai jela, yana numfashi irin na kifi. A hankali ƙafafun baya su fito, na gaba su biyo, huhu ya ginu, jelar kuma jiki ne ke shanye ta. Sinadarin da ke jan ragamar wannan sauyi daga maƙoshi yake fitowa, daga irin gaɓar da kan kumbura ta zama maƙoƙo a wuyan mutum.

Tsutsa daga ruɓaɓɓen nama take fitowa?

Ƙuda ne ya sa ƙwai. A 1668 wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya sa nama a kwalabe, ya rufe wasu ya bar wasu a buɗe, tsutsa ta bayyana a naman da ƙuda ya samu sauka kawai. Ƙuda da sauro da malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma duk mataki huɗu suke bi: ƙwai, tsutsa, zaman kwanci a cikin kwanso, sannan babba mai fiffike. Sauro a lokacin zafi yakan gama wannan cikin kamar kwana goma, ukun farko duk a ruwa. Macen ce kaɗai ke cizo, don jini take buƙata ta gina ƙwai. Tsohuwar taya mai ruwa a tsakar gida ta isa ta raini garke guda.

Fara ba ta yin zaman kwanso. A ƙasa mai laima take binne ƙwai, ɗango ya fito da kamannin iyayensa sai dai ba fiffike, ya yi ta saɓa har ya kai tashi.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ƙudan tsando, mai kawo wa shanu sammore. Ba ya zuba ƙwai. Macen tana rainon tsutsa ɗaya a cikinta, tana shayar da ita wani ruwa mai kama da nono, duk bayan kamar kwana goma ta haifi ɗaya, ta nutse a ƙasa, ta fito ƙuda bayan wajen wata guda. Wannan jinkirin hayayyafa shi ya sa tarko ke tasiri a kansa.

An ce 'ya'yan kasa fasa cikin uwarsu suke yi, na kunama kuma cinye ta suke yi.

Duka biyun ba haka ba ne. Kasa tana riƙe ƙwanta a ciki har su nuna, ta haifi 'ya'ya masu rai, sau da yawa gommai a lokaci ɗaya, ta kuma ci gaba da rayuwarta. Kububuwa da mesa ƙwai suke yi, mesa ma har naɗe nata take yi tana gadi. Kunama haihuwa take yi, 'ya'yan farare su hau bayanta su zauna har sai sun yi saɓar farko, sannan su watse. Wanda ya ɗaga dutse ya gan su cunkushe a kanta, shi ne ya ɗauka ci suke yi.

Wa ke sa a haifi namiji ko mace?

A dabbobi masu shayarwa, daga maniyyin uba ne: wasu ƙwayoyin na ɗauke da zaren X mai ba da mace, wasu Y mai ba da namiji, wanda ya riga shiga shi ke nan. A tsuntsaye akasin haka ne, daga ƙwan uwa ne. Kada kuwa zafin ramin da aka binne ƙwai ne ke yanke hukunci. Wajen digiri 32 zuwa 34 maza sun fi fitowa, ƙasa da haka mata. A amya, ƙwan da maniyyi bai shiga ba shi ke zama namiji. Wanda ya shiga ya zama mace, abincin da aka ciyar da tsutsar kuma shi zai sa ta zama sarauniya cikin kwana 16, ko ma'aikaciya cikin kwana 21.

Saniyata ta haifi tagwaye, mace da namiji. In ajiye macen?

Kada ka dogara da ita wajen haihuwa. A shanu jijiyoyin jinin tagwaye kan haɗe a mahaifa, sinadaran namijin su shiga jikin macen su hana mahaifarta ginuwa. Kusan tara cikin goma juya suke zama. A awaki abin bai cika faruwa ba, shi ya sa jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ke ta zuba tagwaye lafiya lau.

Mene ne barbarar allura, kuma ɗan da aka samu ta nan lafiyayye ne?

Lafiyayye ne, ba shi da bambanci da kowane maraƙi. Maniyyin bijimin da aka zaɓa ake tatsa, a tsinka shi, a zuba a 'yan siraran bututai, a daskarar cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. A haka yana shekaru bai lalace ba. Idan aka ga saniya tana nema da safe sai a sa mata da yamma, in da yamma ne sai washegari da safe. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana wannan aiki. Gargaɗina ɗaya ne: ɗan da ya gaji jinin shanun Turai ya fi Bunaji ko Bokoloji buƙatar abinci da ruwa da inuwa. Wanda ba zai iya ba shi waɗannan ba, irin kaɗai ba zai cika masa ƙwarya ba.

Yaushe ake cewa dabba ta girma?

Balaga daban, girma daban. 'Yar akuya na iya ɗaukar ciki tana wata shida ko bakwai, amma jikinta bai gama ginuwa ba. Cikin wuri na tsugunar da ita, naƙuda ta yi mata wuya. Ya fi kyau a jira ta kai kamar kashi biyu bisa uku na nauyin babba. Kuma nauyi ne ke kawo balaga fiye da shekaru. Karsanar Turai mai ƙoshi na haihuwar fari tana shekara biyu, Bunaji a ruga kuwa sau da yawa sai ta kai huɗu ko biyar, rani na da kaso babba a wannan jinkiri. Taguwa takan kai shekara biyar, sannan ta riƙa haihuwa duk bayan shekara biyu. Kazar gidan gona na fara ƙwai a mako na 18 zuwa 20.

A ciki ma akwai sauyi. Maraƙi sabon haihuwa tumbinsa ƙarami ne, bai fara aiki ba. Nonon da ya tsotsa wani kwararo ne ke wuce da shi kai tsaye zuwa na ƙarshe cikin ɗakuna huɗu na cikinsa. Sai ya soma tsinkar ciyawa da dusa tumbin ke buɗewa, ƙananan halittun da ke narka ciyawa su zauna, ya fara tuƙa. Wanda aka yaye kafin wannan ya kankama, za ka gan shi da ƙaton ciki da tsayayyen gashi.

Shekaru kuwa a baki ake karanta su, shi ya sa dillali a kara yake fara buɗe leɓen rago kafin a yi maganar kuɗi. Shanu da tumaki da awaki ba su da haƙoran gaba a sama, takwas ne a ƙasa. Na nono ƙanana ne, farare, suna faɗuwa biyu-biyu daga tsakiya, manya masu faɗi su maye gurbinsu. A rago da bunsuru biyun farko na fitowa tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, baki ya cika wajen shekara huɗu. A sa biyun farko sai wajen shekara biyu, cikar baki kuma tsakanin huɗu da biyar. Daga nan sai a duba yadda suka cinye da gibin da ya shiga tsakaninsu.